Fitilar ABS Ta Kama, Birki Na Ƙara: Yadda Za Ka Gano Inda Matsalar Take

Fitilu biyu ne a dashbod suke magana a kan birki, kuma ba saƙo ɗaya suke isarwa ba. Akwai ja, mai da'ira da alamar motsin rai a tsakiya, wadda a motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka sau da yawa BRAKE kawai ake rubuta mata. Akwai kuma mai ruwan ɗorawa, mai haruffa uku, ABS. Ja na nufin birkin kansa na iya samun matsala. Mai ruwan ɗorawa na nufin na'urar da ke hana taya maƙalewa ta kashe kanta, amma birki na asali yana nan yana aiki. Wannan bambancin shi ke raba wanda zai iya lallaɓawa zuwa gareji da wanda ya kamata ya gangara gefen titi nan take.

Abin da nake so mai mota ya riƙe shi ne tsari. A fara da abin da ido ke gani, sai abin da ƙafa ke ji, sai a cire taya, kwamfuta ta biyo baya. Ana asarar kuɗi masu yawa saboda tsallake wannan tsarin: fitila na kamawa sai a ce famfon ABS ne ya mutu, a sayo wani, a ɗaura, fitilar kuma ta ƙi mutuwa, don tun farko waya ce guda ɗaya ta tsinke a bayan taya.

## Mataki na farko: juya makulli ka duba

Juya makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, kada ka tayar da inji tukuna. Dole fitilar ABS ta kama, ta yi 'yan daƙiƙoƙi, sannan ta mutu. Na'urar ce ke gwada kanta. Idan ba ta kama ba ko kaɗan, kada ka yi murna. Akwai masu cire ƙwan ko su liƙe shi da baƙin salatif kafin su sayar da mota, kuma duk mai shirin sayen 'yar Kwatano ko ta hannu ya yi wannan gwajin kafin a fara ciniki.

Idan ja ce ta tsaya a kunne, saukar da birkin hannu har ƙasa. Wani lokaci ɗan makunnin da ke gindinsa ne ya yi laushi, kana girgiza hannun sai ka ga fitilar na ƙiftawa. In ta ƙi mutuwa, sai tankin man birki.

Idan duka biyun suka kama tare, ja da mai ruwan ɗorawa, ka ajiye motar. A motoci da yawa na'urar ABS ɗin ce ke raba ƙarfin birki tsakanin tayoyin gaba da na baya. In ta daina wannan aikin, tayoyin baya na iya maƙalewa kafin na gaba idan ka taka da ƙarfi, motar ta juya da kai.

Ka lura kuma da lokacin da fitilar ABS ke kamawa. Wadda ba ta mutuwa tun daga kunna mota ta fi nuna waya ta tsinke, fis ya ƙone, ko wuta ba ta isa. Wadda ke mutuwa, sai mota ta fara tafiya ta dawo, ta fi nuna na'urar ta rasa karatun gudun ɗaya daga cikin tayoyin. Wadda kuma sai an faɗa rami ko an karya sitiyari har ƙarshe take kamawa, kusan kullum waya ce ko soket da ke motsi. Riƙe wannan bayanin, zai rage wa makanike rabin aiki.

## Mataki na biyu: man birki

Buɗe bonet a wuri mai daidaito. Tankin ɗan ƙarami ne, fari mai nuna ciki, a gefen direba kusa da gilashin gaba, da layi biyu a jikinsa, MIN da MAX. Man birki ba ya ƙonewa kamar man inji. In ya ragu, ɗayan biyu ne: ko fad, wato abin da ke matse diski (faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya), ya cinye har fistin da ke tura shi ya fito ya ja mai ya cike gurbin, ko kuma akwai inda yake yoyo. Saukar da ta ɗauki watanni tana tafiya a hankali, yawanci fad ne. Wadda ta faru cikin kwana kaɗan, yoyo ne, kuma cika tanki ba gyara ba ne. Duba cikin kowace taya ko akwai jiƙa, bi tiyon roba da ke shiga kalifa, wato ƙarfen da ke rungume da diski yana matse fad, bi bututun ƙarfe da ke ƙarƙashin mota, sannan ka shafa ƙasan masta, wato famfon da tankin ke zaune a kai wanda feda ke turawa, inda ta haɗu da busta, tukunyar ƙarfen da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi. Fentin wurin in ya kumbura ko ya saɓule, mai ne ke zuba a kai, don man birki na cin fenti.

Sabon mai garau yake, da ɗan ruwan zuma. Wanda ya yi baƙi ya tsufa. Babban aibinsa shi ne yana tsotsar danshi daga iska, kuma ruwa na shiga, zafin da yake iya jurewa sai ya faɗi. Man birki aji-aji ne, ana rubuta ajinsa da DOT. Ƙa'idar DOT 3 ita ce kada ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Selshiyos yana sabo, amma in ya sha ruwa ƙa'idar ta sauko 140. DOT 4 kuwa 230 ne yana sabo, 155 in ya sha ruwa. Idan mai ya tafasa a cikin kalifa sai ya zama tururi, tururi kuma matsuwa yake yi, sai feda ta tafi har ƙasa ba tare da ta kama komai ba. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa ke cewa a canja shi duk shekara biyu, ko da motar ba ta yi tafiya mai yawa ba.

A kan murfin tankin an rubuta irin man da motar ke sha. DOT 3, DOT 4 da DOT 5.1 dangi ɗaya ne. DOT 5 daban yake, na silikon ne, ba a gauraya shi da sauran, kuma bai dace da yawancin motoci masu ABS ba. Man inji ko man giya ko ɗigo kada ya shiga, don yana kumbura duk robobin da ke ciki, daga masta har kalifa. Batun zuba ruwan omo da wasu direbobin haya ke yi idan mai ya ƙare a hanya, wannan wasa da rayukan fasinja ne: yana tafasa da wuri, yana kuma sa tsatsa a ciki. Galan da aka buɗe aka ajiye watanni a but shi ma ya riga ya sha danshi.

## Mataki na uku: abin da ƙafa ke faɗa

Nan ne ya kamata a daɗe, don feda na bayyana abin da kwamfuta ba ta gani.

Inji a kashe, taka birki sau huɗu ko biyar har feda ta yi tauri. Danne ta, kada ka saki, sannan ka tayar da inji. In busta lafiya yake, za ka ji fedar ta ɗan nutse ƙarƙashin ƙafarka. In ba ta motsa ba, kuma a hanya sai ka tattara ƙarfinka duka kafin mota ta tsaya, duba babban tiyon iska da ya taso daga inji zuwa busta. Yakan tsage ko ya zame. Jin "fuuu" kusa da ƙafarka duk lokacin da ka taka, ko inji ya riƙa rawa idan ka danne birki, alama ce robar cikin busta ta fashe.

Yanzu inji na aiki, danne feda da matsakaicin ƙarfi ka riƙe kamar rabin minti. Ya kamata ta tsaya cak a inda take. In tana sulalewa ƙasa sannu a hankali, kuma ka duba ba yoyo a waje, man tanki bai ragu ba, to robobin cikin masta ne suka gaji, mai na zagaye su yana komawa baya. Irin wannan ne ke sa mota ta riƙa matsawa gaba a danja alhali ƙafarka na kan birki. Kada a jinkirta gyaransa.

Feda mai laushi, wadda sai ka famfa sau biyu ko uku take tashi ta yi ƙarfi, iska ce a cikin layi, ko kuma, a motar da birkinta na baya na dirom ne ba na diski ba, lainin da ke matse dirom ɗin daga ciki ya yi nisa da shi yana neman a daidaita shi. Tsohon tiyon roba shi ma yana kawo laushi: sa wani ya taka kai kuma ka riƙe tiyon, in ka ji yana kumbura a hannunka, ya gama aiki.

Akwai kuma birkin da lafiya lau yake da safe, amma a doguwar gangara sai ya fara sanyi, ga warin ƙuna. Wanda ya saba sauka Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga ya san wannan. Zafi ne ya yi wa fad da mai yawa. Maganinsa sauko da giya tun daga saman gangara don inji ya riƙe mota, ko da mai canja giya da kanta ce, akwai 2 ko L ko alamar ragi. In ya riga ya yi zafi, tsaya ya huce da kansa. Watsa wa diski mai zafi ruwa na iya lanƙwasa shi ko tsaga shi.

## Mataki na huɗu: gwaji a fili

In feda na da ƙarfi kuma ba yoyo, nemi hanya marar mutane, sauke gilashi, ka yi tafiya a hankali kana takawa.

Ƙara siririya mai tsini, wadda wani lokaci takan ɗauke idan ka taka, ɗan ƙarfen gargaɗi ne da aka maƙala a jikin fad yake gogar diski don ya sanar da kai lokaci ya yi. Gurnani mai kauri kuwa, ƙarfe ne ke cin ƙarfe, fad ya ƙare, kowace takawa diski kake ci. 'Yar ƙarar da ake ji da safe bayan ruwan sama ta ɓace bayan taku biyu, tsatsar dare ce, ba komai.

Mota in tana fizgewa gefe ɗaya idan ka taka, fara duba iskar tayoyi, sannan kalifa. Sau da yawa ɓangaren da motar ta guje wa shi ne ba ya kamawa. Bayan tafiyar 'yan kilomitoci, tsaya ka kai bayan hannunka kusa da kowane wili, kada ka taɓa. Wanda ya fi sauran zafi nesa ba kusa ba, birkinsa ba ya saki. Rawar sitiyari idan ka taka a guje, diskin gaba ne kaurinsa ya daina zama ɗaya. Rawar da ka fi ji a kujera, na baya ne.

## Mataki na biyar: cire taya

Sa wa mota waigi, ɗaga ta da jak, sannan ka tokare ta da abin tokare na ƙarfe. Kada ka sa kai ko hannu ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Ƙurar birki kuma ba a hure ta da baki ko da iska, a goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Sabon fad yakan kai milimita 10 zuwa 12. In naman ya sauko milimita 3, a canja. Duba na ciki da na waje duka, don na ciki yakan riga ƙarewa a ɓoye. In ɗaya ya cinye ɗaya na nan da kauri, fin ɗin da kalifa ke zamewa a kai ne ya bushe. A zare shi, a wanke, a shafa giris na birki, a duba 'yar robar da ke rufe shi. Saka sabon fad ba tare da an yi wannan ba, cikin ɗan lokaci za a dawo. Ana canja fad hagu da dama tare, ba a yin ɓangare ɗaya.

A gefen diski ko a cibiyarsa an buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi, yawanci da rubutun MIN TH. Kafin ka yarda a kai diski wurin feƙewa, a auna. Wanda zai sauka ƙasa da wannan adadin bayan an feƙe, sabo ake saya.

## Mataki na shida: ita kanta ABS

Tun 1978, lokacin da Bosch da Mercedes-Benz suka fito da ita a motar S-Class, tushen aikinta bai canja ba. A yawancin motoci kowace taya na da sansa, wato 'yar na'ura mai ƙidaya gudunta. Bayanin na zuwa wata ƙaramar kwamfuta da ke manne da akwatin bawul da famfo, inda bututun birki suka taru a cikin bonet. In ta ga taya na shirin tsayawa cak alhali mota na tafiya, sai ta sassauta mata mai ta sake matsewa, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, don taya ta ci gaba da juyawa kai kuma ka iya sarrafa sitiyari.

Fara da wuta. Batir mai lafiya na nuna kusan volt 12.6 inji a kashe, 13.5 zuwa 14.5 inji na aiki. Batir mai rauni, kan batir da ya yi gishiri, ko altaneta da ba ta caji sosai, kowanne na iya kunna fitilar ABS. Sai fis: yawanci fiye da ɗaya ne, har da babba na famfo a akwatin cikin bonet. Ka taka birki wani ya duba maka fitilun baya, don makunnin da ke saman feda shi ma yana aika wa na'urar bayani. Ka tabbata kuma tayoyin huɗu girmansu ɗaya, don taya mai bambancin girma gudunta daban take nunawa.

Sai sansa, inda mafi yawan matsalar take a hanyoyinmu masu ramuka, ƙura da taɓon damina. Bi siririyar wayar da ta taso daga bayan diski ta haura jikin shokozoba har soket. Nemi inda taya ta goge ta, inda aka bar ta tana lilo bayan an canja shok, inda ɓera ya ci, ko soket da ya yi kore saboda ruwa. Ƙusa ɗaya ce ke riƙe da sansar. Kwance ta, ka murɗa a hankali ka zaro, kada ka buga, don tana karyewa a cikin ramin. Tsohuwar sansa maganaɗisu gare ta, za ka tarar da bakinta ya tara garin ƙarfe ya yi cirko-cirko kamar gemu. Goge shi tas, sannan ka haska tocila cikin ramin kana juya taya. Za ka ga zobe mai haƙora yana wucewa. Haƙori ɗaya da ya karye, tsagewa, ko laka da ta cike tsakani, ya isa ya rikita karatu. Zoben da ya tsage shi ke sa ka ji feda na kakkarwa daidai lokacin da mota ke gab da tsayawa a kan kwalta busasshiya, wani lokaci ma ba tare da fitila ta kama ba.

Tsohuwar sansa ana auna ta da mita, yawanci tana nuna tsakanin ohm 800 da 2,000, kuma abin da ya fi amfani shi ne a gwada ta hagu da ta dama a ga ko sun yi kusa. Sababbin motoci sansarsu wuta take karɓa daga kwamfuta, awon ohm ba ya nuna lafiyarta, yana ma iya lalata ta. A irin waɗannan motocin zoben maganaɗisu a jikin boris yake, wato abin da taya ke juyawa a kai, a fuska ɗaya kawai. In fitila ta kama daga fitowarka wurin canja boris, ko an juya shi baibai, ko an sa wanda ba shi da zoben, ko an farfasa zoben da guduma. Koma wurin kafin ka sayi komai.

Yanzu ne lokacin kwamfutar bincike. Ana jona ta a soket mai ƙofa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. 'Yan ƙanana masu arha da yawa inji kawai suke karantawa, sai su ce ba matsala alhali fitila na kunne, don haka a nemi wadda ke shiga ABS. Lambobin wannan ɓangaren da harafin C suke farawa. A Toyota da yawa, C0200 sansar gaba ta dama ce, C0205 gaba ta hagu, C0210 baya ta dama, C0215 baya ta hagu, C1241 kuma matsalar ƙarfin wuta. Wasu kamfanonin lambobinsu daban ne. Ka ce wa mai kwamfutar, "Oga, don Allah bari in ɗauki hoton lambar kafin ka goge." Lambar layi take nunawa, ba ta ce sansa ta mutu ba: waya, soket da zobe duk a layin suke. Ka roƙe shi kuma ya buɗe inda ake ganin gudun tayoyi huɗu a lokaci ɗaya, ku ɗan zaga. Uku na nuna 20, ɗaya na nuna sifili ko tana tsalle, an kama mai laifi. Sai bayan wuta, fis, waya, sansa da zobe duk sun fita lafiya ne ake zargin akwatin ABS ɗin, kuma in za a canja shi, lambar jikinsa ta zo daidai da ta tsohon, don wasu sai an saita su da kwamfuta.

## Bayan gyara

Duk inda aka buɗe layin mai, sai an fitar da iska. Mutum biyu ke yi: ɗaya a kujera, ɗaya a gindin taya da sifana. "Famfa! Danne!" Sai na ƙasa ya buɗe 'yar ƙusar kalifa, mai ya fito da kumfa, ya ɗaure, sannan ya ce "Saki!" In na sama ya saki kafin a ɗaure, iska ta koma. Ana farawa yawanci daga tayar da ta fi nisa da masta, sai dai wasu motocin tsarinsu daban ne, kuma a riƙa cika tanki kada ya ƙafe. In iska ta shiga akwatin ABS, a motoci da yawa sai kwamfuta ta kunna famfon kafin ta fita, shi ya sa wani birkin ke zama da laushi duk yawan famfawa.

Bayan an sa sabon fad, famfa feda har ta yi tauri kafin ka sa giya, don takun farko fanko ne. Kwanakin farko ka riƙa takawa a hankali har fad ya zauna da diski. Sannan ka nemi fili mai tsakuwa wanda ba kowa, kana tafiya kamar kilomita 30 a awa, ka taka da ƙarfi. Feda za ta yi kakkarwa, za ka ji gurnani daga bonet. ABS ce ke aiki, kada ka ɗaga ƙafa, kada ka famfa, danne kawai ka riƙe sitiyari. A kan yashi da tsakuwa mota mai ABS na iya ɗaukar tazara fiye da yadda ka zata kafin ta tsaya, don haka a hanyar burji ka ƙara nisa tsakaninka da na gaba. In fitilar ta dawo bayan kwana biyu, a sake karanta lambar a gwada da hoton da ka ɗauka: in ita ce dai, gyaran bai kai ga tushen ba, in wata ce daban, matsala ta biyu ce da ta farkon ta rufe.